Kawu Mai Ɗanɗana Ganye

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Kawun maigidana ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a nan Bahiya, ƙetaren teku, shekara goma sha uku bayan tashin boren da mutanenmu suka yi wa Turawa a ƙarshen watan azumi. Allah Ya jiƙansa.

Masu gaisuwa ba su zo a taro ba. A garin nan in baƙar fata biyar suka zauna wuri ɗaya sai an zo an tambaye su abin da suke ƙullawa, don haka ɗaiɗai suka riƙa shigowa, kowa da abin fakewarsa. Wani ya riƙo kwalba kamar mai neman madara, wani ya ɗauko dami a ka kamar an aiko shi. Ba wanda ya sa fararen kaya, don tun tashin ake ɗaukarsu alamar masu bore. Sai sun zagayo bayan dangar awaki sannan su sauke murya su ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya."

Wani tsoho daga cikin masu ɗaukar Turawa a kujera ya shigo bai gaishe ni ba. Ya wuce kai tsaye wajen tabarmin da Kawu ya shanya ganye kwana biyu kafin ya kwanta, ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Wa zai kwashe wannan kafin ruwa ya sauko?" Sai ya durƙusa ya fara tattarawa da hannunsa, hawaye na ɗiga a kan ganyen.

Maƙwabciyarmu, Bayarabiya irin waɗanda a nan ake ce wa Nago, wadda duk unguwa ke kira Iya, ta zo da tukunyar wake ta ajiye, ta zauna a ƙofar ɗakinsa tana yi masa faɗa da harshensu. Abin da na tsinta a ciki shi ne, wai ya tafi bai rama zagin da ta yi masa na ƙarshe ba. Shi Bagobiri ne, ita Bayarabiya, kuma ko a wannan ƙasa ba su fasa wasan da ke tsakaninsu ba.

Malam, malamin maigidana, sai a rana ta uku ya zo, yana dogara sanda. Ya zauna a kan gungumen da Kawu ke saran ganye a kai. Shekara goma sha biyu da 'yan watanni ke nan rabon da ya taka gidan. Sai ya ce, "Ni ya kamata in riga shi."

Na koyi haruffa a gidan mahaifina kafin a kama ni. Na san rubutu irin namu laifi ne a garin nan, amma masu jin harshenmu raguwa suke yi kowace damina, 'yata ma ta fi sakewa da harshen Turawa. In ban ajiye labarinsa ba, ba wanda zai ajiye. Sunansa kuwa ban taɓa kamawa ba yana raye, surukina ne, ba zan fara yau ba.

Ba jini ya haɗa shi da maigidana ba. Lokacin da aka sauke maigidana daga jirgi yana saurayi, gidan da Kawu ke bauta aka sayar da shi. Kawu ya tambaye shi garin mahaifiyarsa, ya faɗa. Sai Kawu ya ce, "Na taɓa shayar da shanu a rijiyar garin nan. To ni kawunka ne." Shi ke nan. Haka muke samun dangi a nan.

A cikin shanu ya tashi a ƙasar Gobir, mahaifinsa na kiwo tare da Fulani. A Bahiya ya yi shekara ashirin yana kula da dabbobin wani ɗan kasuwa, da mutumin zai mutu ya bar wasiyya a 'yanta shi. Daga nan ya kama wani ɗan fili a kwarin da ke bayan unguwannin kan tudu, a gonar wata Baturiya da mijinta ya mutu, ya kafa danga, ya fara da akuya biyu. Da maigidana ya samu tasa takardar 'yancin ya aure ni, nan muka tare.

Gajere ne, siriri, da tsagar Gobirawa da ta fara shafewa cikin tamoji. A leɓensa na ƙasa akwai wani tabo fari, inda ruwan wani ganye ya taɓa ƙona shi. Tafiya da shi kasuwa azaba ce, don ba ya wuce wani tsiro da bai sani ba. Sai ya tsaya, ya tsinko ganye ɗaya, ya murza, ya sansana, ya goga a leɓe, ya jira. In bai ji zafi ba ya tauna kaɗan ya tofar, ya sake jira. Ni ina tsaye da tulun madara a ka, rana na dukana.

"Kawu, madarar za ta yi tsami."

"Amarya, ɗan dakata. Wannan bai gama gaya mini ba."

Amarya yake kirana har na fara furfura.

Yakan ce ranar da ya fara ganin ƙasar nan ya ɗauka dabba ba za ta taɓa yunwa a cikinta ba, don ko'ina kore ne shar. Sai ya tarar ba harawa, ba dusar gero, ba 'ya'yan gawo, ba kanwa. Abin da ya sani duk ya bar shi a ƙetaren teku. Sai ya fara daga farko, yana bin awakin da ke yawo a bayan gari yana kallon abin da suke fara kai baki gare shi da abin da suke kaucewa. Ya raba ganyen ƙasar kashi uku, mai cika ciki, da mai sa nono, da mai kisa. Jikin ayaba, in an sara shi ƙanana an barbaɗa gishiri, dabba za ta ci ta yi shiru, amma ruwa ne kawai, ba ya riƙe ta. Kan rake ma haka, sai dai ya ɗan fi. Ganyen mangwaro da na wani babban itace da suke kira jaka suna tsayar da zawo, in sun yi yawa kuma su ɗaure ciki. Ganyen dankali da na waken da suke kira andu, waɗannan su ne masu sa nono. A madadin kanwa tokar ɓawon ayaba yake haɗawa da gishirin teku. Ba ya yarda da ganye sai ya ga kashin dabbar da ta ci shi, da gashinta, da yadda take tuƙa in ta kwanta.

A shekarar tashin ina da jaririya 'yar wata biyu. Maigidana ɗako yake yi a bakin teku, yana kuma ɗaukar karatu wurin Malam. Ranar Asabar ɗin bayan la'asar ya dawo, ya wuce wajen danga inda Kawu ke saran jikin ayaba. Ina daga ɗaki ina jin su.

"Kawu, lokaci ya yi."

Saran bai tsaya ba. Kawu ya ce, "Na ga yaƙi sau ɗaya. Shi ya kawo ni nan."

"Haka za ka zauna kana ba awaki ganye har ka mutu a hannun mutanen nan?"

"Wani dai zai ba su."

Maigidana ya ce, "To ga ragon layyata nan. A kula mini da shi." Farin rago ne mai baƙin kunne, wata huɗu yana turke. Ya shigo ɗaki, ya ɗora hannu a kan jaririyar, ya dube ni, ya fita ya nufi gangaren da ake kira Ladeira da Praça, inda za su taru.

Da gari ya waye ƙararrawar majami'u ce ta cika gari, da ƙarar kofaton dawaki. Aka ce sun far wa kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari ba su samu buɗe shi ba, aka ce an gwabza a filin gidan wasa, aka ce ƙarshen abin a bakin teku aka yi shi. Kwana uku ina yawo da goyo ina leƙa fuskokin waɗanda aka jera a ƙasa. Ban gan shi ba. Wani ya ce mini ya ga ya faɗa ruwa, wani ya ce tun a filin gidan wasa ya faɗi. Har yau in na hango mai ɗako daga baya, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, sai na tsinci kaina ina sauri don in ga fuskarsa.

A kwana na biyar nonona ya ƙafe. Yarinya ta kama, ta ja, ta saki, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Kawu bai ce mini komai ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai ya tatso wata baƙar akuya mai farin goshi da ta haihu kwanan nan, ya ɗumama, ya sirka da ruwa, ya ajiye a ƙofar ɗakina da ɗan ƙaramin ludayi. Ta sha. Daga ranar rayuwar 'yata ta koma kan abin da baƙar akuyar nan za ta ci.

Kawu yakan fita bayan gari kullum da safe ya yanko ciyawa. Sati bai cika ba sojoji suka tare shi a hanya. Suka ce laujen makami ne. Suka ƙwace, suka doke shi da gindin bindiga har yatsunsa biyu suka karye, suka ce kada su sake ganinsa a hanyar. Ya dawo ba dami. A dangar akwai awaki tara da tumaki uku, har da ragon, abin da ya tanada kuwa bai wuce na kwana shida ba.

Ana cikin haka aka fara binciken gidaje. Duk wanda aka samu da takarda mai rubutun Larabci, ko da guntuwa ce, tafiya ake da shi. Mu kuwa akwai ajiya a gidan. Kafin a kama Malam ya aiko wa Kawu da wani ƙunshi a cikin damin ganye, takardun da ya yi shekara ashirin yana rubutawa daga ka, surori da addu'o'i da sunayen malamansa ɗaya bayan ɗaya.

Wata safiya Iya ta leƙo ta kan danga tana haki. Ta ce, "Suna gida na uku daga nan. Har ƙasa suke tonawa, har toka suke bincikawa."

Kawu ya ɗauko ƙunshin ya ce in kawo ƙwarya da ruwa. Ya yi bisimilla, ya riƙa tsoma takardun ɗaya ɗaya yana wanke tawadar da karyayyun yatsunsa. Ruwan ya yi baƙi ƙirin. Ya sha rabi, ya miƙo mini na shanye sauran, ya lakaci ɗigon ƙarshe ya shafa a leɓen yarinyar. Jiƙaƙƙun takardun kuma ya yayyaga su ya cuɗa da ganyen mangwaro da gishiri a kwatarniya, ya tura wa awakin. Suna cikin yunwa, ba su bar komai ba.

Sojojin suka shigo suka birkice ɗakunan, suka farke katifar ciyawa, suka kwashe duk wata wuƙa da ke gidan. Babbansu ya tsaya a bakin danga yana kallon awakin suna lasar kwatarniya, ya yi dariyar ramar da suka yi, suka tafi.

Ganyen dankalin da Iya ta ba mu kwana huɗu ya yi ya ƙare. Ni kuma ina zagaya masu sayar da rake ina tsintar ɓawo a zane. Jikin ayaba akwai, Kawu na daddatsa shi da guntun bakin fartanya, amma kullum madarar baƙar akuya raguwa take, tana kuma tsinkewa. Abin da ke cika ƙoƙo ya koma rabi, rabin ya koma abin da bai rufe gindin ƙoƙon ba. Yarinya ta daina kuka, wannan ya fi tsorata ni.

A bayan dangarmu gonar rogon Baturiya ce, mai faɗi, ganye kore har ƙugu. Rogo ne mai ɗaci, irin wanda ko yaro ya san ɗanyen ganyensa na kashe dabba. Na ga Kawu yana yawan tsayawa yana kallonta.

Ya ce, "Abin da zai sa nono yana can. Na tauna na sani, ƙarfinsa ya kai na harawa. Dafin ne kawai."

Iya ta ce mutanen ƙasar nan suna cin ganyen, amma sai sun dafa shi kwana bakwai.

Ya ce, "Abin da wuta ta fitar, rana ma za ta fitar. Kwana nawa ne dai ban sani ba."

Kwana bakwai ba ma da su, itacen dafawa ma babu. Ya tsinko ganye daga ƙasa-ƙasa inda mai gonar ba za ta lura ba, ya shanya yini ɗaya. Washegari ya tauna. Ya ce harshensa ya ɗan yi nauyi, kansa ya ɗan sara, amma bai kai na ɗanye ba. Saura a gwada a kan dabba. Baƙar akuya ba za a taɓa ta ba. Sauran duk sun rame, in suka faɗi ba za a san ko ganyen ne ko yunwa ba. Mai sauran ƙarfi ɗaya ne a dangar.

Ya zo ya tsaya nesa da ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa. "Amarya, ragon mijinki ne. Amana ya ba ni. In kin ce a'a, na bari."

Na dubi yarinyar a cinyata. Na ce, "Kawu, a ba shi."

Ragon ya ci da marmari. Kafin azahar ya fara haki, ya fara tangaɗi kamar ƙasa na juya masa, ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Ba wuƙa a gidan ballantana a yanka shi. Kawu ya zauna a ƙasa ya ɗora kan ragon a cinyarsa har ya daina motsi.

Bai tashi ba. Rana tsaka, ƙudaje sun fara taruwa, shi yana zaune. Na kawo masa ruwa bai karɓa ba. Sai ya fara magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Ranar da aka kama ni, da safe na ɗaure maruƙa bakwai a igiya don iyayensu su tafi kiwo. Na ce bari in je rafi in dawo. A rafin mahaya suka same ni. Da suka wuce da mu ta gefen ruga na ga ba kowa, duk an gudu. Ina jin maruƙan suna kuka. Na roƙi wanda ke jana ya bar ni in kwance su, ya mare ni." Ya kore ƙuda daga idon ragon. "Uwata da 'yan'uwana na yi musu addu'a na haƙura, su suna da hannu da ƙafa. Waɗannan ni na ɗaure su. Shekara talatin ke nan, ban san ko wani ya bi ta wurin ba. In iska ta kwanta ina jin su."

Sai a ranar na gane abin da ya sa ba ya ɗaure dabba. Ko ragon layyar ma, in maigidana ya turke shi ya fita, Kawu zai bi baya ya kwance.

Da la'asar ya haƙa rami ya rufe ragon, ya koma gonar rogo. Wannan karon ya yayyage ganyen ƙanana, ya baza a tabarmi a kan rufin ɗaki, yana hawa yana juyawa da hannu ɗaya. Kwana uku, har in ka matsa ganyen sai ya marmashe kamar busasshen ganyen kuka. A kwanakin nan uku ruwan shinkafa da 'yar madarar da ta samu na riƙa ɗiga wa yarinyar, ina sa kunne a ƙirjinta. Ya ba wata tsohuwar tunkiya tafi ɗaya a cikin jikin ayaba, muka zauna muna kallonta yini guda. Da yamma ta kwanta tana tuƙa. Washegari ya ba baƙar akuya. A kwana na huɗu ƙoƙon ya kai rabi, bayan sati ya cika fal, madarar ta yi kauri har tana kama gefen ƙoƙo.

Yarinyar nan ita ce yau take da shekara goma sha uku. Kaka take ce masa, shi kuma yana ce mata matarsa, yana ƙorafin ba ta iya tuwo ba.

Ba mu kaɗai muka sha madarar ba. A shekarar mata da yawa sun rasa mazajensu, wasu an kashe, wasu an loda su a jirgi an mayar da su bakin tekun ƙasarmu. Duk wadda ta zo da goyo sai ta koma da abu a ƙoƙo. Cikinsu akwai waɗanda na ji da kunnena suna cewa Kawu matsoraci ne, ya ɓuya a bayan awaki ranar da maza suka fita. Ya sani. Bai taɓa rage wa ɗayarsu mudu ba, bai kuma taɓa kare kansa ba.

Bayan wata takwas aka sako Malam. An yi masa bulala kashi-kashi, kwanaki da yawa, bayansa ya warke amma kansa bai koma daidai ba. Yakan fara sura ya tsaya a tsakiya yana neman abin da ke gaba. Gidanmu ya fara zuwa, ya ce a ba shi ajiyarsa.

Kawu ya durƙusa ya gaya masa komai. Ya ce, "Allah gafarta Malam, tawadar mu muka sha. Takardar kuma awaki na ba."

Malam ya ce, "Da ka binne."

"Da sun tono."

"Sunayen malamaina na ciki. Tun a kurkuku nake neman na ukun, ya ƙi zuwa. Na ce in na fito zan duba." Ya juya ya dubi awakin, ya daɗe yana dubansu. Sannan ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bai sake yi wa Kawu magana ba. Kowace Juma'a Kawu zai ba ni ƙoƙon madara in kai masa, kowace Juma'a in dawo da shi a cike. Na taɓa cewa, "Kawu, da ba ka yi haka ba da duk an tafi da mu." Ya ce, "Haka ne. Shi ma kuma yana da gaskiya." Ranar da Malam ya zo gaisuwa, da zai tashi sai ya ce in ba shi madara. Na tatso na kawo. Ya sha a hankali har ƙasa, ya miƙo mini ƙoƙon, ya ce, "Ashe haka take."

A shekarun da suka biyo baya mutane suka san Kawu da abin nan. Masu awaki da masu saniya ɗaya ko biyu a bayan gida, baƙaƙe da farare, sukan zo da ganye a hannu su ce ya duba musu. Wani mai koro shanu daga can cikin ƙasa inda ruwa ke wuya ya kawo masa wani tsiro mai ƙaya da suke kira mandakaru, Kawu ya babbake ƙayar a wuta, ya sara, ya yi wata guda yana gwadawa, sannan ya ce wannan ruwan sha ne da ɗan abinci, a haɗa shi da busasshen ganyen rogo. Yadda ake shanya rogon kuwa ba wanda bai koya wa ba, amma kullum sai ya ƙara da cewa, "Kwana uku. Na gwada ɗaya."

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, idanunsa suka yi rawaya. Iya ta ce ganyayen da ya yi shekara da shekaru yana taunawa ne suka taru a cikinsa. Allah ne Masani. Kwana biyu kawai ya yi a kwance. Da safen ranar da zai cika ya sa na buɗe ƙofa don ya riƙa ganin danga. Ya gaya mini wace akuya ce ta kusa haihuwa, da wadda ba ta son a tatse ta daga hagu. Sai ya lumshe ido, na ɗauka barci ne.

Can ya ce, "Amarya, da na bi yaron nan, da aƙalla na san inda ya faɗi. Da na gaya miki."

Na ce, "Da ka bi shi, Kawu, da wa zai ba mu madara?"

Ya ɗaga yatsa ya yi kalmar shahada, na taya shi.

A garin nan in ɗan ƙasarmu ya mutu aka sanar, amalanke ake turowa a ɗauke shi a jefa a rami ɗaya da wasu, ba wanka, ba salla, ba a san ina fuska ta duba ba. Don haka ba mu sanar ba. Tsofaffi biyu daga cikin masu ɗako suka yi masa wanka a ɗaki, muka naɗe shi a zanen gadona, suka yi masa salla su biyu da murya ƙasa-ƙasa. Da rana tsaka suka haƙa a cikin dangar, bayan rumfar awaki, kamar masu shirin kafa sabon ginshiƙi. Suka kwantar da shi yana fuskantar gabas. Suka mayar da ƙasa, suka daddaɓe ta daidai da sauran fili, suka watsa taki a kai. Baturiya mai gonar kuwa, na gaya mata ya tafi ƙauye jinya.

Ruwa ya sauko a sati na biyu. Har yanzu da asuba nakan farka da ƙarar sara a kan gungume, sai na fito in tarar ba kowa.

Shekaranjiya da safe ina tatsa, 'yata ta zo ta tsaya a bayana.

"Inna, suna kan Kaka."

Na ɗaga kai. Wata ciyawa mai laushi ta tsiro a daidai wurin, tsawonsa da faɗinsa, ta fi ta ko'ina kore, don ƙasar wurin ce kaɗai aka motsa. Awaki huɗu na tsaye a kai suna fizga.

"In kore su? In kawo ƙaya in kewaye?"

Na tuna mai gonar tana zagayowa duk ranar Asabar, kuma ba abin da idonta ke wucewa. In ta ga an kewaye wuri za ta tambaya. In ciyawar ta tsaya a haka ma, da siffar nan tata, za ta tambaya.

Na ce, "Ƙyale su. Bari su cinye."

Ta tsaya tana kallonsu har suka share wurin ya koma daidai da sauran ƙasa. Ni kuma na mayar da kaina jikin akuya na ci gaba da tatsa.

Ya Allah, Kai Ka san wurin, ko mun bar gonar nan. Ka yalwata masa shi, Ka sanyaya masa, Ka yafe masa abin da ya sani da abin da bai sani ba. Amin.